Dutsen 2024 YR4: me ya sa lissafin haɗarinsa ya hau sannan ya faɗi, kuma ana iya kautar da irinsa?

Ɗalibi daga Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. A farkon shekarar 2025 kafafen yaɗa labarai sun cika da batun wani dutsen sararin samaniya da aka ba lamba 2024 YR4, wanda aka ce mai yiwuwa ne ya faɗo wa duniya ranar 22 ga Disamban 2032. A ƙarshen Janairu an ce yiwuwar hakan ta ɗan haura kashi 1 cikin 100, bayan 'yan kwanaki ta wuce kashi 2, ranar 18 ga Fabrairu kuma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce ta kai kashi 3.1. A lokacin an riƙa yaɗa wata taswira mai ɗauke da dogon layi da ya taso daga gabashin tekun Fasifik, ya ratsa arewacin Kudancin Amurka da tekun Atilantika da Afirka, ya nufi Indiya, har wasu jaridu suna lissafa Legas cikin biranen da ke kusa da layin. Ba a yi mako guda ba sai hukumar ta dawo ta ce yiwuwar ta koma kashi 0.004 cikin 100, wato babu sauran abin fargaba.

Tambayata ta farko ita ce, ta yaya lissafin masana zai yi ta hauhawa har tsawon makonni, sannan ya rushe cikin kwanaki kaɗan? Da yawa daga abokan karatuna sun ɗauka cewa an kambama lamarin ne don hukumomin su samu ƙarin kuɗi daga gwamnatocinsu, ni kuma ban samu hujjar da zan gamsar da su ba. Ta biyu, na ji an ce a shekarar 2022 an harba wani kumbo ya doki wani dutse ya sauya masa hanya. Da a ce haɗarin 2024 YR4 ya tabbata, wannan dabarar za ta iya kare mu?

Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗalibi, Allah ya ƙara basira. Zan ɗauki tambayarka ta farko, domin ita ce ta shafi fannina.

Na'urar hangen nesa ta ATLAS da ke ƙasar Chile ce ta fara ganin dutsen ranar 27 ga Disamban 2024, kwana biyu bayan ya riga ya gifta kusa da duniya yana kan hanyar komawa nesa. Abin da na'urar take gani ɗigon haske ne mai rauni da ke matsawa tsakanin taurari, kuma daga 'yan wuraren da aka ga ɗigon a darare kaɗan ake son a lissafa inda zai kasance bayan shekara 8. Kowane awo yana da ɗan kuskuren da ba a iya kauce masa, kuma wannan kuskuren yana girma yayin da ake jan lissafin zuwa gaba. Saboda haka masana ba sa cewa dutsen zai bi ta wuri kaza. Abin da suke fitarwa wani dogon fage ne a sararin samaniya, wanda suka tabbata dutsen zai ratsa ta wani wuri a cikinsa a ranar da ake magana. Idan duniya tana cikin wannan fage, sai a duba rabon da ta mamaye daga cikinsa, wannan rabon shi ne kashin da kake ji ana faɗa.

Ka ɗauka akuya ta ɓace a unguwa mai gidaje 100, an kuma tabbata tana cikin ɗaya daga cikinsu. Yiwuwar tana gidan liman kashi 1 ce cikin 100. Idan aka bincika gidaje 50 ba a same ta ba, yiwuwar tana gidan liman ta zama kashi 2, alhali akuyar ba ta motsa daga inda take ba. Idan saura gidaje 30, yiwuwar ta haura kashi 3. Ranar da aka leƙa gidan liman aka ga ba ta nan, lissafin zai faɗo zuwa sifili nan take. Haka aka yi da 2024 YR4. Kowane sabon awo yana tsuke fagen, kuma muddin duniya ba ta fita daga cikinsa ba, rabonta ƙaruwa yake yi, har zuwa lokacin da bakin fagen ya ja baya ya bar ta a waje. A tsakiyar Fabrairu hasken farin wata ya hana ganin dutsen na kusan mako guda, da duhu ya dawo aka samu sababbin awo, lissafin ya sauko zuwa kashi 1.5 ranar 19 ga wata, washegari ya koma 0.28, ranar 24 kuma ya kai wancan ƙaramin adadi da ka ambata.

An taɓa ganin irin wannan. A Disamban 2004 dutsen Apophis ya kai kashi 2.7 cikin 100, ya hau mataki na 4 a ma'aunin Torino, wanda ake auna haɗarin faɗowar irin waɗannan duwatsu da shi, mai matakai daga 0 zuwa 10, matakin da babu wani dutse da ya taɓa kaiwa, sannan aka gano tsofaffin hotunan da suka nuna shi tun watanni kafin nan, lissafin ya rushe. Shi 2024 YR4 a mataki na 3 ya tsaya.

Game da zargin abokan karatunka, ka nuna musu yadda aikin yake gudana. Duk wanda ya auna matsayin irin wannan dutse, ko a wace ƙasa yake, yana aika sakamakonsa zuwa cibiyar tattara bayanan ƙananan halittun falaki da ke jihar Massachusetts, wadda take aiki da izinin ƙungiyar masana taurari ta duniya, kuma bayanan a buɗe suke ga kowa a intanet. Daga nan cibiyar NASA da ke Kalifoniya ta yi nata lissafin, cibiyar hukumar sararin samaniya ta Turai da ke Frascati a Italiya ta yi nata da manhajarta daban. A ranar da NASA ta ce 3.1, Turawa sun ce 2.8, kuma tare suka sauko. Wanda yake son ya tsorata mutane don neman kuɗi ba zai baza alƙalumansa a fili kowa ya sake lissafawa ba, ba kuma zai janye maganarsa cikin kwana shida ba. Akwai ma ƙa'idar da aka amince da ita a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa idan dutse ya fi mita 10 kuma yiwuwar faɗowarsa ta haura kashi 1, dole ne a sanar da ƙasashe. Sanarwar da aka fitar ranar 29 ga Janairun 2025 cika wannan ƙa'ida ce. Laifin da nake gani yana wuyan kafafen da suka riƙa buga taswirar layin nan ba tare da sun bayyana cewa ko a ranar da lissafin ya fi tsanani, yiwuwar dutsen ya wuce ba tare da ya taɓa mu ba ta kusa kashi 97 cikin 100.

Girmansa ma da farko kintace ne, tsakanin mita 40 zuwa 90, saboda ƙaramin dutse mai haske da babban dutse mai duhu suna iya bayyana iri ɗaya daga nesa. Sai a watan Maris da na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta auna zafin da yake fitarwa aka tsayar da shi a kan kimanin mita 60. A tsakiyar 2025 lissafin ya nuna yiwuwar kusan kashi 4 cewa dutsen zai faɗa wa duniyar wata a 2032, kuma ita ma wannan da irin idon da na bayyana ya kamata a karanta ta.

Injiniya 'yar Damagaram ta amsa:

Malam ya warware tambaya ta farko, Allah ya saka da alheri. Ƙanena, ga abin da ya shafi ta biyu.

Kumbon da kake nufi shi ne DART. An harba shi daga Kalifoniya a Nuwamban 2021, ya yi tafiyar wata 10, ranar 26 ga Satumban 2022 ya doki wani dutse mai suna Dimorphos, mai faɗin kimanin mita 160, a nisan kilomita miliyan 11 daga duniya. Dutsen bai taɓa zama barazana gare mu ba. An zaɓe shi ne saboda yana kewaya wani dutse da ya fi shi girma, Didymos, mai faɗin kimanin mita 780, kuma duk lokacin da ɗaya ya gifta gaban ɗaya hasken da ke isowa gare mu yana ɗan raguwa. Da wannan raguwar hasken aka san cewa yana kammala zagaye ɗaya cikin awa 11 da minti 55, kuma da ita za a gane idan dukan ya sauya wani abu. Da a ce dutsen da ke kewaya rana shi kaɗai aka doka, da an shafe shekaru kafin a iya auna bambancin.

Nauyin kumbon bai kai kilo 600 ba, amma gudunsa ya haura kilomita 6 a daƙiƙa guda. A wannan nisan saƙo yana ɗaukar fiye da rabin minti kafin ya isa, don haka babu wanda zai iya tuƙa shi daga ƙasa. A awa huɗu na ƙarshe kwamfutar da ke cikinsa ce ta riƙa duba hotunan kyamararsa tana gyara hanya da kanta, kuma ba ta iya rarrabe Dimorphos daga babban ɗan'uwansa ba sai da ya rage kimanin awa guda. NASA ta ce tun farko idan zagayen ya ragu da daƙiƙa 73 za a ɗauka an yi nasara. Da aka auna, ya ragu da kusan minti 33.

Dalilin wannan babban bambanci shi ne abin da ya fi jan hankalina. Dimorphos ba dunƙulallen dutse ba ne, tarin tsakuwa da manyan duwatsu ne da ɗan ƙaramin ƙarfin jan juna ya riƙe su wuri ɗaya. Da kumbon ya nutse cikinsa, fiye da kilo miliyan 1 na ƙura da tsakuwa suka yi tsalle suka fita ta inda ya shigo, kuma fitarsu ta ƙara tura dutsen gaba, har turin ya ninka na kumbon kansa kusan sau uku da rabi. Wani ƙaramin kumbon Italiya mai suna LICIACube, wanda ya rabu da DART kwanaki kafin dukan, ya ɗauki hotunan ƙurar, na'urar ATLAS da ke Afirka ta Kudu ma ta ga tashinta, daga baya kuma ƙurar ta zama jela mai tsawon dubban kilomita.

Sai dai duk wannan ya sauya gudun dutsen ne da milimita 2.7 kacal a daƙiƙa. A nan ne amsar tambayarka take. Idan aka sauya gudun dutse da santimita 1 a daƙiƙa, a rana ɗaya zai kauce da mita 864, a shekara kimanin kilomita 315, a shekara 10 fiye da kilomita 3,000, kuma idan turin ya bi hanyar tafiyarsa, yadda zagayen rana yake aiki yana ninka wannan kusan sau uku. Faɗin duniya kilomita 12,700 ne da ɗoriya. Ka ga ke nan ƙaramin duka yana isa idan an yi shi da shekaru masu yawa a gaba, amma ba ya amfanar komai idan saura watanni. Dutse mai mita 60 ya fi Dimorphos sauƙin turawa nesa ba kusa ba, kuma 2024 YR4 yana dawowa kusa da mu duk bayan kimanin shekara 4, don haka dawowarsa ta 2028 za ta iya ba da dama. Matsalar ƙaramin dutse ita ce duka mai ƙarfi yana iya farfasa shi maimakon ya tura shi, a wayi gari ana fama da gutsattsari da yawa. Akwai kuma matsalar da ba ta injiniyoyi ba ce: yayin da ake tura dutse, wurin faɗowarsa yana tafiya ne a kan wancan layin da ka gani a taswira kafin ya fita daga doron duniya, kuma idan aikin ya tsaya a rabi, an ɗauke haɗarin daga wata ƙasa an ɗora wa wata. Ga dutse mai wannan girman, wanda ɓarnarsa ta gari guda ce da kewayensa, kwashe mutane daga yankin yana cikin zaɓin da masana suke ɗauka da muhimmanci.

Hukumar Turai ta harba kumbon Hera ranar 7 ga Oktoban 2024, aka tsara ya isa Dimorphos a ƙarshen 2026, don ya auna nauyin dutsen daidai ya kuma duba abin da dukan ya yi masa. Sai da waɗannan alƙaluma za a iya cewa ga abin da zai faru idan aka doki wani dutse na daban.

Bakatsine ya amsa:

Ina gaida Malam da Hajiya Injiniya. Na gamsu da bayaninsu, amma ina ganin idan aka tsaya a kan DART, ɗalibinmu zai tafi da kwanciyar hankalin da ta wuce abin da ke ƙasa. Babban giɓin yana wajen gani. Ku lura da abin da Malam ya faɗa: an gano 2024 YR4 ne bayan ya wuce mu da kwana biyu. Da a wannan zuwan ne hanyarsa ta haɗu da tamu, da babu kumbon da zai yi amfani.

Ranar 15 ga Fabrairun 2013 wani dutse da bai wuce mita 20 ba ya fashe a sama da birnin Chelyabinsk na Rasha, ya raunata kusan mutum 1,500, yawancinsu daga gilasan tagogi da suka tarwatse lokacin da mutane suka matso don kallon hasken. Babu wanda ya gan shi kafin nan, domin ta ɓangaren rana ya zo, inda na'urorin ƙasa ba sa iya dubawa. Wanda ya fashe a Tunguska ta Saiberiya ranar 30 ga Yunin 1908, wanda girmansa ya yi kusa da na 2024 YR4, ya kwantar da itatuwan daji a fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000. A 2005 majalisar dokokin Amurka ta umarci NASA da ta gano kashi 90 cikin 100 na duwatsun da suka kai mita 140 zuwa sama masu kusantar duniya kafin ƙarshen 2020. Wa'adin ya wuce, kuma a 2025 abin da aka gano bai kai rabi ba. Manyan da suka kai kilomita guda, waɗanda za su iya girgiza duniya baki ɗaya, an san fiye da kashi 90 nasu, wannan kam abin godiya ne.

Saboda haka labarin da ya fi faranta mini rai a 2025 shi ne na cibiyar Vera Rubin da ke kan dutsen Cerro Pachón a Chile, mai kyamarar da ta fi kowace girma da aka taɓa ƙerawa don kallon taurari. A hotunanta na farko da aka fitar ranar 23 ga Yuni, cikin kallon kusan awa 10 kawai, an tsinci sababbin duwatsu 2,104, bakwai daga ciki masu kusantar duniya ne. NASA kuma tana ƙera wata na'ura mai suna NEO Surveyor da za a ajiye a sararin samaniya, wadda za ta riƙa neman duwatsu ta hanyar zafin jikinsu, ta yadda baƙaƙen cikinsu da waɗanda ke kusa da ɓangaren rana ba za su ɓuya ba. Abin da ya kamata mu shirya masa shi ne, da ƙaruwar waɗannan idanu, sanarwa irin ta 2024 YR4 za ta yawaita, kuma mafi yawansu za su hau su sauko kamar yadda Malam ya kwatanta.

Lamarin kuma bai yi nisa da mu ba. Dutsen farko a tarihi da aka gani tun yana sama aka kuma faɗi inda zai sauka, 2008 TC3, a arewacin Sudan ya faɗo ranar 7 ga Oktoban 2008, ƙasa da kwana guda bayan gano shi, kuma ɗaliban Jami'ar Khartoum ne suka jeru a hamadar Nubiya suka tsinto gutsattsarinsa. A jiharmu, a watan Oktoban 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, daga baya bincike ya nuna cewa daga duniyar Mars ya taso, kuma yau gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike a ƙasashe da dama. Tafkin Bosumtwi na Ghana ramin da dutse ya haƙa ne fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce. Abin da ke damuna shi ne yankinmu yana da sarari mai duhu da tsabta a watanni masu yawa na shekara, amma ana rubuta bayanan irin waɗannan duwatsu daga Chile da Hawaii da Arizona da Afirka ta Kudu, jami'o'inmu kuma suna karantawa kawai. Bin sawun dutsen da aka riga aka gano, a auna matsayinsa a aika wa cibiyar da Malam ya ambata, aiki ne da masu sha'awa suke yi a wasu ƙasashe da matsakaiciyar na'ura, kuma sashen kimiyyar lissafi ko na fizik a jami'a zai iya ɗaukarsa.

Ɗalibi daga Zariya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya saka muku da alheri. Bayanin fagen da ke tsukewa shi ne zan kai wa abokaina. Saura abu ɗaya. Malam ya ambaci Apophis, kuma na ga ana ta yaɗa cewa zai zo a 2029. Tun da a 2004 ma an yi fargabarsa, mene ne tabbacin cewa lissafin ba zai sake juyawa ba, kuma gaskiya ne za mu iya ganinsa da ido daga nan?

Malamin Lissafi ya amsa:

Bambancin yana cikin tsawon lokacin da aka shafe ana bin sa. An gano Apophis a Yunin 2004, an yi ta auna shi shekara da shekaru, kuma a Maris ɗin 2021 da ya gifta aka harba masa igiyar rada daga Goldstone a Kalifoniya, wadda take auna nisa da gudu da daidaiton da kallon haske ba ya bayarwa. Bayan wannan awon NASA ta sanar cewa babu haɗarin faɗowarsa har aƙalla shekara 100 masu zuwa, aka cire shi daga jerin duwatsun da ake fargabar faɗowarsu. Fagen da na yi maka bayani, a ranar giftawarsa ta 2029, ya tsuke ya koma 'yan kilomita, duniya kuma tana can nesa da shi.

Zai gifta ne ranar Juma'a, 13 ga Afrilun 2029, a nisan kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa, wato ƙasa da inda taurarin ɗan'adam masu kawo tashoshin talabijin suke, waɗanda ke kusan kilomita 36,000. Faɗinsa kimanin mita 340 ne, kuma dutse mai wannan girman bai taɓa matsowa haka ba tun da aka fara lissafin irin waɗannan abubuwa. Afirka da Turai da yammacin Asiya su ne za su kasance cikin dare a lokacin, don haka in Allah ya kai mu, kuma hazo ko hadari bai rufe sama ba, za a gan shi daga Zariya da Damagaram da ido, kamar matsakaicin tauraro da ke sauya wuri a hankali tsakanin sauran taurari. Wanda ya fita bayan gari, nesa da fitilu, zai fi ganinsa sosai.

Masana suna jiran ranar ne saboda ƙarfin jan duniya zai lanƙwasa hanyarsa, zai iya sauya yadda yake juyawa, mai yiwuwa ma ya zabtar da tsakuwar da ke jikinsa, kuma wannan zai nuna yadda cikinsa yake, abin da Hajiya Injiniya ta nuna cewa shi ne ke yanke hukuncin yadda duka zai yi aiki. Kumbon NASA da ya kawo samfurin dutsen Bennu a Satumban 2023 an sauya masa suna zuwa OSIRIS-APEX aka nufe shi da Apophis don ya same shi jim kaɗan bayan giftawar, hukumar Turai kuma tana shirya nata mai suna Ramses da ake son ya riga shi isa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2029 don wayar da kai a kan waɗannan duwatsu da hanyoyin kariya daga gare su. Ina ba ka shawara, kai da abokan karatunka, ku tuntuɓi malaman sashenku tun yanzu a kan shirya kallon wannan dare, tare da na'urar da za ta iya auna matsayinsa, kamar yadda ɗan'uwanmu Bakatsine ya kawo.